Tunatar da 'Yan'uwa Game da Kwaɗayin Kaya da Cinikin Shaida

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imominsa waɗanda ba su ƙidayuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce daga wani tsoho mai yawan laifi, mai fatan gafarar Ubangijinsa, zuwa ga 'yan'uwansa cikin ɗariƙa, manya da ƙanana. Dalilin rubuta ta, wani almajiri ya tsai da ni bayan mun tashi daga zikiri, ya ce: "Malam, mu da muka riƙi tasbaha, ina ruwanmu da zaɓe da masu kuɗi? Su ci duniyarsu, mu mu nemi lahirarmu." Na ce masa: "Ɗana, wayar nan da ke aljihunka nawa aka saye ta, kuma wa ya biya?" Sai ya sunkuyar da kai. Na ga abin da ya sa shi sunkuyar da kai ya shafe mu duka, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Maganar duka ga ta a taƙaice: mai kuɗi ba ya sayen abin da ba a kasa ba. Wanda bai iya ce wa ransa "ya isa" ba, ba zai iya ce wa mai dukiya "a'a" ba. Garin da mutanensa suka kasa faɗin "a'a", to, sunan mulki na jama'a ne, amma linzami yana hannun 'yan kaɗan.

Fasali na farko: bayanin amanar da ke wuyan kowa a mulkin zaɓe

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya shiryar da mu da kai, mulkin zaɓe, wanda 'yan boko ke kira dimokuraɗiyya, an gina shi bisa zato guda: ranar ƙuri'a mai bene da mai bukka murya ɗaya gare su, ɗan dako da bafatake layi ɗaya suke bi, kamar yadda kafaɗa ke haɗuwa da kafaɗa a sahun salla. Ƙasarmu Najeriya ta komo wannan tsari a shekarar 1999 bayan mulkin soja. Ba nufina ba ne in yi jayayya kan asalin tsarin, malamai sun yi magana mai yawa a kai. Abin da nake cewa, tunda an ɗora maka, to, ƙuri'a shaida ce. Kana cewa ne: na shaida wane ya fi cancanta a damƙa masa dukiyar jama'a da jininsu da mutuncinsu. Kowane almajirin da ya taɓa fiƙihu ya san alƙali ba ya karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani da shaidarsa, kuma ya san shaidar zur tana cikin manyan zunubai.

Amanar kuwa ba ta ƙarewa ranar zaɓe. Zaman shawara a ƙofar mai unguwa, da gayyar gyaran maƙabarta, da zuwa wurin kansila a tambaye shi ina kuɗin makaranta suka shiga, da faɗa wa shugaba gaskiya ido da ido, duk suna cikinta. Waɗannan ayyuka suna bukatar abu uku daga mutum: lokaci, da zuciyar da ba ta tsoron a yanke mata wani abu, da ganin cewa maƙwabcinsa matalauci mutum ne kamarsa. Ciwo biyu ke cinye ukun nan a zamaninmu. Ɗaya daga sama yake saukowa, shi ne taruwar dukiya a hannun 'yan kaɗan. Ɗaya daga cikinmu yake tasowa, shi ne ƙishirwar kaya.

Fasali na biyu: yadda dukiya in ta taru take sayen hukunci

Ka duba ƙofar shiga tukuna. A shekarar 2022 jam'iyyar APC ta sa kuɗin fam na neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50. Jam'iyyar PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. A wannan lokaci mafi ƙanƙantar albashin ma'aikaci naira 30,000 ne a wata. Ka yi lissafi da kanka: mai wannan albashi, in bai ci ba, bai sha ba, bai ciyar da iyali ba, sai ya yi aikin shekara 277 da ɗoriya kafin ya sayi takardar nan guda. Dokar zaɓe ta shekarar 2022 kuma ta ɗaga iyakar abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe daga naira biliyan 1 zuwa biliyan 5. A watan Nuwamba na wannan shekara hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da labari mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na jama'a, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa.

To, wa zai shiga wannan ƙofa? Sai mai dukiya, ko wanda mai dukiya ya ɗaure wa gindi. Wanda aka ɗaure wa gindi kuwa da bashi ya hau kujera, kuma daga baitulmalin jama'a zai biya, da kwangila da muƙami da kau da kai. Ashe tun kafin talaka ya isa akwati an riga an tace masa waɗanda zai zaɓa.

Kada ka ce wannan ciwon matalautan ƙasashe ne kaɗai. Ga Amurka, wadda aka kwaikwayo tsarin shugabancinta a ƙasar nan. A watan Janairu na shekarar 2010 kotun ƙolinsu, a shari'ar da ake kira Citizens United, alƙalai 5 suka rinjayi 4, ta yanke cewa ba za a iyakance wa kamfanoni da ƙungiyoyi abin da suke kashewa da kansu wajen tallata ɗan takara ko sukarsa ba. Zaɓensu na shekarar 2020 ya ci wajen dala biliyan 14. A na shekarar 2024 mutum guda, attajirin nan Elon Musk, ya zuba fiye da dala miliyan 250. A lissafin babban bankinsu na waɗannan shekaru, mutum 1 cikin 100 na saman tsani sun riƙe kusan kashi 30 cikin 100 na dukiyar ƙasa, rabin jama'a na ƙasan tsani kuwa ba su kai kashi 3 ba. Can ba a raba taliya a layi, talla ake saya har ta cika kunnen mutane, a sayi masu shiga wurin 'yan majalisa su raɗa musu. Kasuwa ɗaya ce, awo ne ya bambanta.

Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ta fi ɓoyuwa. In dukiyar mutum ta wuce kima, sai ya fita daga abin da ya haɗa shi da jama'a. Famfo ya ƙafe, ya haƙa burtsatse a gidansa. Wuta ta ɗauke, ya kafa sola. Rufin makarantar unguwa ya yaye, 'ya'yansa suna ta kuɗi. Asibitin gari babu magani, shi yana da fasfo. Mutumin da in ya yi magana za a ji shi, shi ne ciwon ba ya taɓa. Sa'an nan in zaɓe ya matso, sai ya sa famfo ɗaya a jikin katangarsa, a rubuta sunansa a sama, mata su yi layi suna sa masa albarka. Abin da yake hakkinsu ne ya komo musu a matsayin kyauta, mai hakki ya zama maroƙi. Ina wannan, ina aikin Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya sakar wa jama'a, shi ma ya riƙa ɗiba kamar kowa?

Fasali na uku: bayanin ƙishirwar kaya

Yanzu mu komo kanmu, domin nan ne maganin yake hannunmu. Ƙishirwar kaya ita ce mutum ya sayi abu ba don bukata ta kira shi ba, sai don ya ga wane da shi. Ciwon tsoho ne. Kun karanta labarin Ƙaruna, yadda ya fito wa mutanen Annabi Musa cikin adonsa, masu son duniya suka yi ta burin ina ma su ne. Ƙasa ta haɗiye Ƙaruna, amma masu kallon nan zuriyarsu ba ta ƙare ba. Abin da ya ƙaru a zamaninmu, da can Ƙaruna sai ya fito ake ganinsa, yau kuwa yana cikin aljihun kowa. Waya tana nuna maka gidansa da motarsa da bikin 'yarsa tun daga asuba har ka yi barci, kuma akwai masu sana'ar talla waɗanda abincinsu shi ne su sa ka raina abin da ke hannunka.

Ka duba yadda take cinye abubuwa ukun da muka ambata.

Tana cinye 'yancin zuciya ta hanyar bashi. Lefen da a da akwati ɗaya ya wadatar, yau sai an jera. Ga anko, ga kayan ɗaki, ga gara, ga kwana da kwanaki ana biki. Uba mai 'ya'ya mata huɗu ya kwana yana lissafi, gari ya waye ya nufi ƙofar Alhaji wane ya durƙusa. Alhaji ya ba shi, bai ce ya biya ba. Ka sani, bashin da ba a ce a biya ba ya fi tsada, domin ranar biyansa mai shi ke zaɓa, kuma ba da kuɗi ake biya ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Tana cinye lokaci. Mai bin kaya ba shi da yamma. Safe yana nema, dare yana kallon abin da bai samu ba. Na ga majalisar da a da ake warware rigimar unguwa a cikinta, yau mutum goma na zaune, kowa kansa a sunkuye bisa tafin hannunsa. A kira gayya, sai a ce a ba yara kuɗi su yi. Wani malamin jami'a a Amurka, Robert Putnam, ya wallafa littafi a shekarar 2000 yana nuna yadda mutanen ƙasarsa suka rage zuwa tarurrukan gari da ƙungiyoyi, ya lissafa zaman kallon talabijin cikin manyan dalilai. Abin da ya gani can, mun gan shi a zaurukanmu.

Tana cinye ganin mutunci. In kaya suka zama ma'auni, mai tsohuwar riga ba a sauraronsa ko da gaskiya ce a bakinsa. A taro sai a ce bari Alhaji ya iso. Mutumin kirki ya fito neman kujera, tambayar farko ita ce: me yake da shi? Mu da bakinmu muke korar wanda ba zai sace ba, saboda ba shi da abin rabawa, sa'an nan mu zauna muna kukan ɓarayi.

In ukun nan suka tafi, me ya rage? Sai mutum ya ce, tunda ba abin da zai canja, bari in karɓi taliya da sabulu da atamfa, ko in yi zamana a gida. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu 2023, mutum miliyan 93 da ɗoriya ke da rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a wajen miliyan 25 ne. Cikin kowane mutum huɗu, kusan uku ba su fito ba. Dalilai suna da yawa, har da ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a lokacin da tsoron tashin hankali, amma fid da tsammani yana cikinsu. Kuma duk sa'ad da masu fitowa suka ragu, sayen ragowar ya ƙara araha.

Fasali na huɗu: hannun da ya ƙi karɓa da hannun da ya karɓa

Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi. A maimakonta ya nemi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai son amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amsa masa. Ka lura, biyun ƙarshe ba na Shehu ba ne, na bayin Allah ne waɗanda ba su da bakin magana a fada. Da ya miƙa hannu ya karɓi zinariya, da wane baki zai roƙa musu? Haka Imamu Gazali, bayan ya bar kujerar karantarwa a Bagadaza a shekarar 1095, ya ɗauki alkawari ba zai ƙara karɓar dukiyar sarakuna ba.

Ni kuwa ga nawa labarin, ina faɗa don ku wa'aztu da ni. A wani zaɓe da ya wuce, wani mai neman kujera ya aiko mini da buhunan shinkafa da shadda da ambulan, wai sadaka ga almajirai. Raina ya ba ni fatawa nan take, ya ce ai na almajirai ne. Na karɓa. Mutumin ya ci zaɓe. Bayan damina biyu ruwa ya rushe gidaje a unguwarmu, saboda magudanar da aka ba da aikinta ba a yi ba. Dattawa suka zo suka ce: "Malam, kai za ka yi mana magana." Muka tafi. Ya tarbe mu da fara'a, ya zaunar da ni kusa da shi. Na buɗe baki zan fara, sai idona ya faɗa kan hannun rigata, na tuna shaddarsa ce. Na yi masa addu'a, muka taso. A hanya ba wanda ya ce mini kome, kuma shirun nan nasu har yau yana kunnena. Shinkafar ta ƙare cikin wata guda. Gwauruwar da ɗakinta ya faɗi ta shekara a zauren maƙwabta. Allah ya gafarta mini. Gaskiya ne, in baki ya ci, ido ya ji kunya.

Fasali na biyar: tambayoyi da amsoshinsu

In an ce: ashe dukiya haram ce? Sai mu ce: a'a. Cikin sahabbai akwai attajirai, kamar Usmanu da Abdurrahmanu ɗan Aufu, kuma da dukiya ake zakka da hajji da ciyar da maraya. Abin zargi shi ne dukiyar da ta bar kasuwa ta shiga sayen shaida da hukunci, da dukiyar da ta tashi daga hannu ta koma zuciya.

In an ce: mai yunwa fa, wanda 'ya'yansa suka kwana ba su ci ba, aka miƙa masa taliya? Sai mu ce: larura tana da hukuncinta, kuma laifin wanda ya jira yunwar mutum don ya saye shi ya fi girma nesa ba kusa ba. Ba da mai yunwa nake ba. Amma kowa ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: yunwa ce ta kai ni ƙofar nan, ko sabuwar waya ce da ankon biki? Da yawanmu muna kiran sha'awa da sunan larura.

In an ce: ai sai mu karɓi kuɗinsu mu zaɓi wanda muke so. Sai mu ce: wannan magana tana da daɗin ji, amma aibi uku gare ta. In ka yi alkawari ka saɓa, ka yi ƙarya, balle in an rantsar da kai. Zuciya kuma tana karkata ga wanda ya ba ta, ko mai ita bai sani ba, ni shaida ne. Sa'an nan karɓarka ita ke raya kasuwar, domin tana koya wa kowane ɗan takara cewa ba a zuwa wurinmu hannu sake, sai mai gaskiya marar kuɗi ya janye.

In an ce: Sufi ba gara ya kau da kai daga wannan duka ba? Sai mu ce: zuhudu fitar da duniya ne daga zuciya, ba ya sauke hakkin maƙwabci daga wuya. Ɓoye shaida laifi ne kamar sayar da ita. Kuma wanda ya yi shekaru yana horon ransa da yunwa da tsayuwar dare, shi ya fi kowa cancantar tsayawa gaban mai dukiya ba tare da rawar murya ba, domin ba abin da za a yanke masa. In masu wadar zuci suka zauna gida, wa aka bar wa gari?

Kammalawa: wasiyya ga almajirai

Na farko, kafin ka sayi abu ka bar shi ya kwana uku a ranka. In bukata ce za ta tsaya, in sha'awa ce za ta wuce.

Na biyu, ku 'yan zawiya ku yi ittifaƙi tsakaninku kan sauƙaƙa lefe da kayan ɗaki da biki, muƙaddamai su fara da 'ya'yansu. Mutum ɗaya in ya rage za a yi masa dariya, mutum ɗari in suka rage ya zama al'ada.

Na uku, kada ka ci bashi don ado. In larura ta kama ka, ka fara da 'yan'uwanka. Ku kafa asusu a zawiya, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, don kada ɗayanku ya durƙusa a ƙofar mai neman kujera.

Na huɗu, daga ranar da aka buga gangar zaɓe har a gama, kada malami ko muƙaddami ya karɓi mota ko kujerar hajji ko ambulan daga ɗan takara, ko da an kira ta hadiyya. Mai son sadaka don Allah, ya kawo bayan ya sauka daga mulki.

Na biyar, wanda Allah ya buɗa wa cikinku, ya yi waƙafin abin da kowa zai amfana, ya bar sunansa a ɓoye, kuma kada ya janye ƙafarsa daga taron unguwa da layin jama'a.

Na shida, ka ba unguwarka yamma ɗaya a mako, ka ajiye waya a gida. Ranar zaɓe ka fita da alwala, ka ba da shaidarka kamar wanda za a tambaya, domin za a tambaye ka.

Ya ɗana mai tambaya, wannan ita ce amsarka. Wadar zuci da muke koya a halwa, ita ce dai garin ke bukata a rumfar zaɓe. Allah ya wadata zukatanmu da shi, ya tsare mu daga miƙa hannu ga waninsa, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ji ƙan malamanmu da iyayenmu. Wanda ya ga kuskure a takardar nan ya gyara, wanda ya amfana ya sa marubucinta cikin addu'a. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Amin.